Karen Sa'adu da Aibinsa

Shekaruna saba'in da shida a bana, kuma a wannan wata ne ƙanena Alhaji Sa'adu, dillalin shanu a kasuwar Garwa, ya cika shekara tara da komawa ga Mahaliccinsa. Waɗanda suka yi ciniki da shi suna tuna shi da sandarsa da hularsa mai karkata, da yadda yake buɗe bakin bijimi ya dubi haƙora kamar mai karatu. Ni kuwa da wani kare nake tuna shi, karen da ba a taɓa haifa ba, bai taɓa haushi a ƙofar kowa ba, amma ya kusa cinye sunan gidanmu.

Kakanninmu fatake ne daga Kano, tufafi da goro suka kawo, suka sauke kaya a bakin Binuwai ba su ƙara ɗauka ba. Ba su bar mana gona ba, suna suka bar mana. Ni na riƙe tufafi, Sa'adu ya bi shanu, kuma yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da sauran dillalai: ba ya barin mai saye da mai sayarwa su haɗa hannu sai ya faɗi aibin dabba. Wannan tana harbi in ana tatsa, wancan ya taɓa karaya a ƙafar baya, waccan ba ta zama cikin garke. Masu shanu kan ɓata fuska, amma mahautan gari da fataken Maiganga, in sun shigo kasuwa, shi suke fara nema.

Wasan da zan ba da labarinsa 'yarsa Hadiza ce ta zo da shi, lokacin da ta dawo hutu daga karatu a kudu. Ita da ƙawayenta sukan kewaye tebur a inuwar darbejiyar tsakar gida bayan la'asar. Kowace ta ɗauki wani mutum ta zama shi, wannan maharbi, waccan matafiyi, Hadiza kuwa ita ke jan labari, tana faɗa musu ƙasar da suka shiga da abin da ya tare musu hanya. In ɗaya ta ce za ta tsallake rami ko ta kara da dodo, sai a jefa ɗan ludo mai fuskoki da yawa, shi zai nuna ko ta yi nasara. Ba a zuba komai, ba a cin kowa. Abin da ake samu kayan al'ajabi ne na cikin labari, waɗanda suke karantowa daga wani littafin Faransanci.

Sa'adu yana kishingiɗe a tabarmarsa yana saurare, har ranar da ya ji an ba wata takobin da ke sare kome, an ba wata zoben da ke ɓoye mai shi. Ya tashi zaune ya ce duk wanda ya sayar musu da waɗannan kaya ba dillalin kirki ba ne, domin bai faɗi aibinsu ba. Hadiza ta ce, "To Baba, kawo naka mu gani." Tun daga ranar aka ajiye littafin.

Ya ƙirƙiro musu takalmin da ke kai mutum ko'ina da taku ɗaya, amma in ya isa sai ya manta abin da ya kai shi. Ya ba su ƙwaryar da ke cika da nono, sai dai ba ta cika sai da baƙo a gida. Akwai wuƙar fawa mai yanka ƙarfe wadda ba ta iya yanka albasa, wannan kam don ya tsokani mahauta ya yi ta. Wadda ta fi zama mini a rai ita ce allurar da ke ɗinke zumuncin da ya yage, amma daga rigar mai ɗinkin take zare zare, har in ya cika sulhunta mutane sai ya wayi gari ba riga. Na tambaye shi ko ni yake nufi, tun da ni ne mai tufafi kuma ni ake kira rabon faɗa. Ya ce, "Yaya, kai ai rigunanka sun yi yawa."

Karen kuwa daga tuntuɓen harshe ya fito. Cikin ƙawayen Hadiza akwai Dudu, Bafulatana, mai Hausa gauraye da Fulatanci kamar yawancin yaran garin nan. A Fulatancin Garwa, in an ce kare ana nufin kaya. Wata rana mutumin da ta zama a wasan ya tara kaya sun yi masa nauyi, sai ta ce a ba ta wurin da za ta zuba karenta. Sa'adu, wanda ya ji Fulatanci kamar Bafulatani, ya yi kamar bai gane ba. Ya ce tun da kare take nema, kare za a ba ta. Nan take ya siffanta shi: ja ne, mai kunne ɗaya a tsaye, yana haɗiye kaya kome yawansu, ko raƙumi ne, ya amayo su lafiya in mai shi ya nema. Aibinsa shi ne ba ya riƙe abin da ba naka ba. Ka zuba masa kayan wani, ko aro ne, sai ya sheƙa ya kai wa mai shi har ƙofa. Yaran suka yi ta dariya, Dudu ta rantse ba za ta ƙara Hausa a gidanmu ba, washegari kuma ita ta riga kowa zuwa.

Ba a daɗe ba muka ga wani dattijo a zaurenmu da hantsi, ƙafafunsa sun kumbura. Sunansa Buba, daga wajen Tuboro ya taso, rabi a bayan babbar mota rabi a ƙasa. Ɓarayi sun kore masa shanu, kuma an gaya masa akwai wani Alhaji a Garwa mai karen da ke mayar da kayan sata ga mai su. Ya durƙusa ya ce aronsa ya zo yi. Ina wurin lokacin da Sa'adu ya gaya masa cewa babu kare, wasan yara ne. Buba bai yarda ba. Ya ɗauka rowa ake masa, ya fita ya zauna a kasuwar shanu yana gaya wa duk wanda ya tsaya.

Daga nan magana ta canza kama. Aka ce Alhaji Sa'adu yana kiwon karen tsafi, da shi yake sanin aibin dabba. Aka ce ana jefa ƙuri'ar duba a tsakar gidansa. Mahauta suka fara wuce shi suna gaisuwa daga nesa. Wani da suka shekara suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a sahu ya koma ɗaya gefen masallaci. Dillali ba shi da rumfa, ba shi da haja, yardar mutane ce kaɗai jarinsa, kuma muna kallo tana tsiyayewa. Na ba shi shawara ya hana wasan. Ya ce in ya hana, ya tabbatar musu ke nan akwai abin ɓoyewa.

Limamin unguwarmu, Modibbo Hamadu, mutum ne mai son ganin abu da idonsa. Ya zo zaurenmu bayan la'asar tare da wasu dattawa da Buba, ya ce a yi wasan a gabansa. Aka fito da tebur, Hadiza ta zauna daga bakin ƙofa ta ja labari. Modibbo ya juya ɗan ludon a tafinsa, ya tambaya ko ana zuba wani abu, aka ce a'a. Ko ana neman sanin gobe da shi, aka ce a'a. Sai ya yarda ya zama falke mai haye kogi, aka ba shi karen, aka faɗa masa aibinsa. Sai ya dubi Sa'adu.

"Alhaji, in mutum ya zuba wa karen nan maganar da ya tsinta a kasuwa fa?"

"Allah gafarta Malam, zai mayar da ita bakin da ta fito."

Modibbo ya ce to, yau mu ne karen. Ya tambayi Buba wa ya gaya masa, Buba ya ambaci wani direba. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce direban a wurin wani mahauci ya ji, mahaucin kuwa yana zaune a nan, ya ce shi a wurin wani falken Mayo-Ulo ya ji, falken kuma ya ce masa daga bakin Alhaji Sa'adu kansa ya ji, suna shan shayi a kasuwa. Kowa ya juya. Sa'adu ya cire hularsa ya riƙe. Ya tuna ranar: daɗin ƙirƙirarsa ya ɗebe shi, ya ba falken labarin karen da kunnensa da jan gashinsa, aka kira shi ciniki ya tashi kafin ya ce wasa ne.

"Kare ya kawo kaya ƙofar mai su," in ji Modibbo. "Ka sayar da labari, Alhaji, ba ka faɗi aibinsa ba."

Ranar kasuwa ta gaba Sa'adu ya hau kan katangar turke, a gaban mahauta da fatake, ya faɗa da Hausa ya maimaita da Fulatanci cewa karen ƙirƙira ne, shi ya ƙirƙire shi, kuma shi ya sake shi ba igiya. Ya nemi gafarar Buba a bainar jama'a. Sa'an nan ya karɓi siffar shanun da alamar da ke jikinsu, ya aika wa duk dillalin da ya sani daga Maiganga har kan iyaka. Ba zan ƙawata labari ba: ba a sami shanun ba, kuma wannan bai bar ransa ba har ya rasu. Amma da kaka ta kewayo, Buba ya koro abin da ya rage masa zuwa Garwa, ya ratsa dillalai duka, ya miƙa wa Sa'adu igiya ya sayar masa. Mahauta suna gani, kuma a ranar suka dawo wurinsa.

Yau Hadiza uwar 'ya'ya ce, har yanzu tana jan labari, ta waya, da 'yan wasa a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Ta nuna mini wata na'ura a wayar da ke ƙirƙiro kayan al'ajabi kafin ƙiftawar ido, rawuna masu walƙiya da mashi mai aman wuta. Na san abin da ƙanena zai yi: zai saurara har ƙarshe, ya karkata hula, ya tambayi aibinsu. Haka zai tambayi masu sayar da shanu ta hoto a yanzu, waɗanda ke ɗaukar dabba ta gefen da ba ta ɗingishi. Labari kuwa, wanda a zamaninsa sai da ya hau babbar mota kafin ya kai Tuboro, yau ba ya bukatar mota, kuma ban san limamin da zai iya bin sawunsa baki bayan baki ba.

Sandarsa tana wurina, hularsa ta tsufa. Abin da bai tsufa ba shi ne kalmar da Hadiza ke buɗe kowane zama da ita tun daga waccan la'asar: "Abin da za ku ji ƙirƙira ne, aibinsa ke nan, wanda ya yarda ya miƙo hannu." Jikokin Sa'adu sun ɗauka ƙa'idar wasan ce daga asali. Na bar su a haka, sai yau da na ga ya kamata su san inda ta fito.

Modibbo Hamadu ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa tare da ƙanena. Amma Hadiza tana nan, Dudu tana nan a unguwar gabas, mahaucin da ya ambaci falken Mayo-Ulo yana raye, kuma Buba, in ji masu zuwa daga Tuboro, har yanzu yana fita da sandarsa. Duk a gabansu aka yi.