Rigar da Siddiƙ Bai Gama Ba

Duk unguwarmu ta Briqueterie an san mahaifina, Alhaji Na'Allah mai shadda, da wani irin haƙuri da ni kam ya sha ba ni haushi. Zai ce baƙin shayi yake so, a kawo masa mai madara, ya karɓa ya shanye. Mun taɓa yin awa huɗu a layin karɓar takarda a wani ofis, da muka isa gaba aka ce an rubuta sunansa ba daidai ba, sai dai mu dawo wani mako. Ni har na fara tafasa, shi kuwa sannu da aiki ya yi wa matar da ta sallame mu.

Na ce, "Haba Baba! Ai sai su mai da kai tabarma."

Ya ce, "Safinatu, bar ta ta isa gida lafiya."

Ban gane maganar ba sai bara, ranar da ya sa na jawo masa tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai babbar riga ta farar shadda, an yi rabin aikin wuya an bar rabi, allura na soke a jiki har ta yi tsatsa. A cikin wuyan an rubuta 16 da allin tela.

Ashe zuciyar nan tawa a wurinsa na gado ta. Shekara ashirin da suka wuce, lokacin auren yayata Habiba, ya kai ɗinkin ga wani tela mai suna Siddiƙ, sabon zuwa daga Najeriya, mai hannu ƙwarai. Mu nan kwanan wata da lissafi duk da Faransanci muke faɗa, ko tunani ba ma yi. Baba ya ce masa ranar treize yake so, wato sha uku. Siddiƙ bai fi wata biyu a garin ba, ya ji seize, sha shida, kuma ya ji kunyar sake tambaya.

Da safen ɗaurin aure Baba ya je karɓa ya tarar da rabin aiki. Ya ce min bai bar kalma ko ɗaya ba. A gaban teloli da masu wucewa ya kira shi mayaudari, baƙon da ya zo ɓata wa mutane sana'a. Siddiƙ ya ce zaren aikin ne ma ya ƙare, amma zai samo. Baba ya ce, "Ko mutuwa za ka yi, ka gama min rigar nan kafin azahar."

Siddiƙ ya fita a guje ya tare mai babur zuwa kasuwar Mokolo. Ba su isa kasuwar ba, babbar mota ta haɗa da su.

"Bayan mun dawo daga maƙabarta na ga lambar," in ji Baba, yana shafa allin da yatsa. "Ni Bahaushe, shi Bahaushe. Me ya hana ni ce masa sha uku?"

Ba wanda ya san garin su Siddiƙ, an dai ce wani ƙauye ne bayan Haɗeja. Ashe shi ya sa duk baƙon da ya sauka a unguwa Baba ke tsare shi da tambayar ko ya san wani Siddiƙ tela. Mu kuwa muna ta yi masa dariya.

A ranar da muka buɗe akwatin ya ce in kai rigar wurin Rilwanu, telan layinmu, a ƙarasa. So yake ya sa ta sau ɗaya ya je Juma'a, wai ko nauyin zai sauka daga ƙirjinsa. Ya ja min kunne kada in sa masa rana.

Kai, Rilwanu ya gwada ni! Yau an ɗauke wuta, gobe keke ya lalace, jibi irin zaren ya yi wuyar samu. Mako shida ina cizon leɓe. Baba yana ramewa a kan gado, amma duk sanda na ɗauki mayafi sai ya ce, "Ina zuwa?" In koma in zauna.

Wata Laraba da hantsi ya rasu, bai sa rigar ba.

Washegarin sadakar uku na nufi shagon, wallahi ko gabana ba na gani. Na shirya maganganun da za su sa ya tsani keken ɗinki har abada. Rigar na rataye a ƙusa, saura kaɗan a wuyan. Yana ganina ya miƙe zumbur, almakashi ya faɗi daga cinyarsa.

"Hajiya, don Allah ki yafe min. Zaren ne ya ƙare. Bari in hau babur in je Mokolo yanzun nan, kafin azahar na gama."

Har ya sa takalmi ɗaya, yana ɗaga wa wani mai babur hannu. Ban san sanda na riƙe masa hannun riga ba, a gaban mutane, ni matar aure.

Na ce, "Zauna, Rilwanu. Don girman Allah ka zauna."