Irin Cittar da Babana Ya Sayar

Kakata Saraya ba ta san zaman banza ba. Rana na faɗuwa a ƙauyenmu, can bayan Kwoi, za ta hura wuta a tsakar gida, ta juye kwandon citta a gabanmu, kowa da wuƙarsa. Hannu na yaji, ido na hawaye. In wani ya daina tsaga citta, ita ma sai ta daina ba mu tatsuniya.

Ina aji biyu a sakandare mutanen gwamnati suka zo da farar mota. Suka tara jama'a a filin coci, suka ce za a raba sabon irin citta, manya kamar tafin hannu, amma sai ga talaka futuk, wanda ba shi da iri a gida. Mu kuwa muna da namu, tsibi guda a gindin mangwaro, an lulluɓe da ciyawa. Babana Bitrus ya kasa zaune ya kasa tsaye. So yake ya sayar kafin a zo dubawa.

Ranar Kaka ta ba mu labarin bushiya. Wai giwa ta zo daji ta ce za ta gina wa ƙananan dabbobi ɗakuna, amma sai marasa rami. Bushiya ta ruga ta cike raminta da ƙasa, ta hau kai tana jira. Hadari ya haɗo. Giwa kuwa tana wani dajin, tana maimaita jawabinta.

Na ce, "Sai me ya faru, Kaka?"

"Sai ruwa mana. Tsaga cittarka."

Baba ya ce, "Mama, na ji ki. Wannan fa gwamnati ce, da takarda suka zo."

"Bitrus, takarda ake shukawa? Tun kafin a haife ka irin nan yake gidan nan."

Ranar kasuwa ya sayar. An kuwa zo dubawa, an rubuta sunansa. Ruwan fari ya sauka, maƙwabta suka shuka. Baba kullum yana bakin hanya, da ya ji ƙarar mota sai ya miƙe. Sai da cittar mutane ta kai gwiwa irin ya iso, rabin buhu, duk ya ruɓe. Babu girbi, babu makaranta. Karatuna a nan ya tsaya.

Na daɗe ina zagin babana a zuciyata. Yanzu na wuce shekarunsa na lokacin, ina facin taya a Mararaban Rido, kuma na daina. Ba wawa ba ne, gajiya ya yi. Abin da ke ci mini rai har yau, a tatsuniyar ba wanda ya tuhumi giwa. Bushiya kaɗai muka yi wa dariya, har da ni.

Bara ma mutanen gwamnati sun zo, wai za a raba injin hura taya ga marasa kayan aiki. Na ja tsohon injina bayan shago, na rufe da buhu. Ban sayar ba. Amma na shiga layi.