Ina Bayanka, Malam Haladu

Talata: daga gida zuwa Doha

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida, ba wanda ya raka ni ko bakin ƙofa. Taron malamai na kwana biyu ne zai kai ni Doha, amma akwai wani abu da ke cin raina. Ɗaliban kwalejinmu sun ɗauko kofin ƙwallo bana, za a raɗa wa fili suna, kwamiti ya rabu biyu. Wasu na cewa sabon koci da ya kawo kofin, wasu na cewa Malam Haladu, wanda ya yi shekara shida yana gina ƙungiyar bai ci ko cokali ba. Ni ne sakatare, aka ce tunda Haladu yana can Doha, in ji ta bakinsa. Ni ne kuma na rubuta rahoton da ya sa aka sallame shi.

Awa biyu zuwa Kano, shingen 'yan sanda uku. Jirgi ya tashi ƙarfe goma, muka sauka filin jirgin Hamad bayan isha. Wani ma'aikaci ɗan Gana ya ga hulata ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji." Hausar da na ji ke nan har na kwanta a masauki a unguwar Al-Sadd.

Alhamis: Mansura

Da aka tashi taro na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Mansura, riyal biyu. Na sami Malam Haladu a shagon shayi sanye da kayan masu gadi, furfura ta cinye gemun.

"Malam Sakatare! Kai ne da ƙafarka?"

Kunya ta kama ni, wallahi. Ya saya mini karak, shayinsu mai madara, ya ja ni zuwa wurin aikinsa: filin ƙwallo na wata makaranta, ciyawa shar kamar darduma. Shi ke buɗewa, shi ke kullewa, amma ba a yarda ya taka ba.

Na faɗa masa zancen suna. Ya yi dariya.

"Khalas, ya wuce, Malam. Ai ka rubuta gaskiya, ban ci kofi ba. Turken ragar gabas har yanzu a karkace yake?"

Da bututun rijiyar burtsatse ya haɗa ragar nan, lokacin da filin yake makiyayar awaki. Wannan bai shiga rahotona ba. Ƙwallaye kawai na ƙirga, dabarata ta ƙare a nan.

Na kunna masa wasan ƙarshe a waya. Ya ce ya gani, amma ba murya, don su shida ne a ɗaki, kullum wani na barci. Na ƙure sauti. Ɗan gaba ya riƙe ƙwallo, sai ga ihu daga baya: "Ina bayanka!" Kalmar Haladu ce. Ya koya wa 'yan wasansa kada mai ƙwallo ya taɓa jin shi kaɗai ne.

"Waɗannan ban san ko ɗayansu ba," ya ce. "Wa ya koya musu?"

"Na gabansu."

Ya juya ya kama gyara kwaɗon ƙofa, alhali ba abin da ya samu kwaɗon. A jirgin ƙasa na rubuta wa kwamiti shafi biyu, na ce a sa sunansa.

Asabar: gida

Na iso da la'asar, na ce wa direba ya biya ta kwaleji. Ashe ba su jira ni ba. Allo na tsaye da sunan sabon koci, fenti ko bushewa bai yi ba. Raina ya ɓaci, amma wa zan kama? Da rahotona suka kafa hujja.

Ɗalibai na atisaye. Na tsaya jikin turken nan karkatacce, na ɗauki muryarsu suna ihun "Ina bayanka!", na tura masa. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Haladu da shayi. Waya ta nuna ya saurara. Yau kwana tara, bai ce komai ba.