Ranar da na kusa dafa surukina a Dumega

Ko zan yi shekara ɗari biyu a duniya, haƙora su zube su sake tsirowa, ba zan manta da ranar da na kusa dafa surukina da hannuna ba. Kuma da kyakkyawar niyya na yi.

Sana'ata sayar da kayan gyaran injin niƙa ce. Daga Dogon Dutsi nake loda kaya in bi kasuwannin ƙauye, yau Dogon Kiriya, gobe Sukukutane. Da na gaji da kwana a rumfar kasuwa sai na sayi wani ɗakin tafi-da-gidanka a wurin wasu ma'aikatan furoje, masu aikin raya karkara, da suka gama aikinsu. Kamar akwati yake a kan taya biyu, ana jan sa a bayan mota. In an isa sai a juya wani hannu, rufin ya ɗaga, bangon tanti ya miƙe, gadaje biyu su fito ta gefe. Ranar da na fara ɗaga shi a Sukukutane kasuwa watsewa ta yi, har mai raƙumi ya bar raƙuminsa ya zo kallo.

Aibinsa ɗaya ne, zafi. In bazara ta kama, ka shiga da ɗanyen ƙwai ka fito da dafaffe. Saboda haka na samo tsohuwar kilim, na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake maƙalawa a taga, da ɗan ƙaramin gurup, wato janareta, mai ba ta wuta.

Ina da maƙwabci mai gyaran firiji, wani ustazu marar hayaniya. Ya gan ni ina sauke ta daga mota ya ce, "Alhaji, in ka shirya ka kira ni in ɗaura maka. Sai an yanka bango."

Na ce, "A yanka mi? Ustazu, ni da nake kwance injin niƙa ido rufe?"

"Ai wagga ba injin niƙa ba ce."

"Inji dai inji ne. Je ka ci gaba da karatunka."

Ya ce Allah shi taimaka, ya wuce. Ko dalilin yankan ban bari ya faɗa ba.

Ni kuwa ina da nawa lissafi. In na huda bango, rairayi zai shiga, ruwan sama zai shiga, ɓarawo ma zai iya zare ta daga waje ina barci. Sai na ƙera mata kanta ta katako a cikin ɗakin, na ɗaure ta da ƙusoshi huɗu, gaba da bayanta duk a ciki, na auna yadda rufi zai sauka bai taɓa ta ba. Har kwano na ajiye mata don ruwan da take ɗigarwa. Washegari bayan asuba na tada gurup, ƙofa a buɗe, na tsaya daidai fuskarta. Wani sanyi ya buge ni har cikin ƙashi. Na kashe don kada esansi, wato fetur, ya ƙare a banza. Iyakar gwajin da na yi ke nan.

Ba a yi mako biyu ba aka yi wa wan matata haihuwa a Dumega. Surukina kuwa bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, hawan jini, likita ya ce ya guji zafi. Ɗakinsa na kwano ne, ga shi ranar suna gida zai cika. Na ce wa matata, "Bana Baba zai san ya yi suruki."

Wanda ya san Arewa ya san yadda muke da surukai. Daga bakin zaure nake cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Duk hirar da muka yi tun da na auri ɗiyarsa, in aka tara ta, ba za ta wuce gaisuwa ba.

Ranar suna na isa da wuri. Akwai itacen bedi a ƙofar gidan, amma rassansa za su tare rufi, sai na kafa ɗakin a fili, cikin rana. Jama'a suka kewaye. Bayan azahar, an ci an ƙoshi, na aika a gaya wa Baba an shirya masa wurin hutawa. Ya fito da sandarsa, babbar riga da rawani, ya hau a hankali. Na zuge tagogin tanti duka, na rufe ƙofa, na tada gurup, na juyo na ce wa mutane, "Kada wanda ya buɗe, sanyi na tserewa." Na jawo benci na zauna gadi, ina ba su labarin yadda na haɗa ta ni kaɗai. Ina jin har na ce wani injiniya ya taso daga Yamai ya roƙe ni in koya masa.

Bayan kamar rabin awa na durƙusa a jikin tanti. "Baba, ina ɗakin?"

"Alhamdu lillahi."

"Sanyin bai yi yawa ba? Akwai bargo bisa gado."

Ya ce, "Na gani. Allah shi yi albarka."

Na waiwayo na ce, "Kun ji ko? Har maganar bargo ake yi."

Da na sake tambaya, muryar ta yi ƙasa sosai. Na ce wa jama'a sanyi ne ya fara sa shi barci, su rage surutu.

Allah ya taimake ni auta na aura. Da ɗiyar fari ce, ita ma kunyar za ta hana ta zuwa kusa. Sai ga matata da kwanon fura, na tare ta na ce Baba na barci. Ta ce, "Alhaji, kauce, lokacin maganinshi ya yi." Tana buɗe ƙofa wani huci ya fito kamar an buɗe tanderun mai burodi, ni da nake bayanta sai da gemuna ya lanƙwashe. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta ce, "Inna lillahi."

Baba yana zaune a dandaɓe, ya cire rawani, riga ta jiƙe sharkaf, ya jingina goshinsa a fuskar kilim inda ɗan sanyin yake fita. Bayanta kuwa wuta take hurawa a cikin ɗakin. Muka ce ya tashi, ƙafa ta ƙi. Na manta da wata kunya, na sungume shi na kai gindin bedi. Aka yi ta zuba ruwa ana fifita, aka ruga aka kira majo, ma'aikacin jinya, daga asibitin garin. Ya auna shi, ya ɗaura ƙarin ruwa nan a kan tabarma, ya dube ni ya ce da an ƙara jimawa kaɗan, da taron sunan nan wani taro ya koma. 

Da ya dawo hayyacinsa matata ta ce, "Baba, ƙofar hwa ba kulle take ba. Mi ya hana ka hitowa?"

Ya ce, "In hito gaban jama'a, bayan ya gama gaya musu? Mijinki ne." Ya juya wajen majo ya ce, "Jikin tsuhwa ne, Malam. Na'ura ba ta da laihi."

Da muka koma Dogon Dutsi, da ƙafata na je shagon Ustazu. Bai yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya tada kilim ya kama hannuna ya kai bayanta. Ya ce, "Ka ji? Zahi take kwasa ta gaba ta zubar ta baya. Kai ka sa ta kwasa ta zuba a ɗaki guda, ta ƙara da na injinta." Ya yanka bangon akwatin daga ƙasan tanti, ya yi mata firam, bayanta ya leƙa waje, ya ɗan karkata ta don ruwa ya zuba a ƙasa, ya toshe gefe da roba. Ni aikina miƙa ƙusa.

Na yi wata uku ban taka Dumega ba. Labari ya iso mini cewa can ana kiran ɗakin tukunyar Alhaji. Sai Baba ya aiko in zo, kuma in jawo abin. Na kafa shi, mutane suka taru fiye da na farko, wasu har da bokitin ruwa a hannu don tsokana. Ya fito da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce wa ɗiyarsa yadda kowa zai ji, "Ce mishi shi shigo mu zamna tare."

Na shiga na rakuɓe a ƙasa kusa da ƙofa, shi yana kan gado. Muka yi awa guda a ciki. Ban tambaye shi ina ɗakin ba, don yatsun ƙafata sun riga sun ba ni amsa. Da muka fito ya ce wa jama'a, "To, ga mu, ɗanye."

Abin da na koya shi ne, in ka yi wa mai jin nauyinka wani abu, kada ka tsaya daga waje kana tambayarsa ko ya yi. Zai ce maka alhamdu lillahi har ransa ya fita. Shiga ka zauna tukuna, jikinka ya gaya maka.