Ƙanzon da Na Zazzage Daga Matashin Zulai

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na zazzage matashin Zulai a tsakar ɗaki ba, kuma ba na so in manta. Sista Asabe ce ta ce in rubuta saboda ku da aka ɗauka aiki bana. Ni ba na son dogon surutu, don haka zan faɗa yadda ya faru kawai. Zulai ba sunanta na gaskiya ba ne, kuma da izininta nake ba da labarin.

Lokacin shekarata ɗaya da 'yan watanni a wannan gida namu na hanyar Paikon Kore, kusa da Gwagwalada, inda ake kwantar da masu shaye-shaye. Shekarun nan ne da Abuja ke ta tashi, ko'ina tifa da bulo, kwalaben maganin tari kuma sun cika kwata. Ina ɓangaren mata a matsayin mai taimaka wa nas: rabon abinci, raka mata wanka, da bincike. Sama da ni akwai nas biyu, sama da su Sista Asabe, wadda ta yi shekaru a asibitin masu taɓin hankali kafin ta yi ritaya ta zo nan.

Ga ƙa'idar gidan a wancan lokacin. Duk wadda aka kawo sai ta yi kwana arba'in ba ta ga kowa nata ba. Lahadin farko bayan arba'in ɗin ita ce ranar ziyararta. Kowace Asabar da safe ana bincike: katifa, matashi, bakin zane, har cikin kitso, don mun taɓa ciro ƙwaya a cikin kitso. In aka samu mace ta ɓoye abu, a rubuta a littafin bincike, a soke ziyararta ta wannan makon. Littafin yana da gida biyu na cikewa. Na farko, "an samu ko ba a samu ba". Na biyu, "mene ne". Ku riƙe wannan gida na biyun.

Zulai siririya ce, ba ta kai talatin ba. Maganin tari mai kodin ne ya kawo ta. Mijinta Malam Sani direban wani oga ne a Maitama, suna da 'ya ɗaya, Ummi, mai shekara huɗu. Gaskiya matar nan haushi take ba ni. Ba ta cin abinci sai kowa ya ci ya tashi, ni kuma ina tsaye ina jiran kwano. In iska ta buga ƙofa ta zabura kamar an harba bindiga. Banɗaki ma ba ta yarda a ja mata ƙofa. Na ɗauka iyayi ne. Har suna na sa mata, Hajiya Sai-an-gama, sauran matan suka ɗauka.

Asabar ɗin ta cika kwana arba'in da ɗaya. Ta yi kitso, ta wanke atamfarta guda ɗaya mai kyau ta shanya, gobe za ta ga Ummi. Da na ɗaga matashinta na ji nauyi, ga wani tsami-tsami. Na kama gindinsa na zazzage. Ƙanzon shinkafa ne ya zubo, ƙulli-ƙulli a 'yan ledoji, wani ya bushe ƙarau, wani ya yi funfuna. Kyankyasai biyu suka fito da gudu. Matan ɗakin suka kwashe da dariya.

Na ce, "Ke ɓera ce? Sau uku ake ba ki abinci a gidan nan. Mun taɓa hana ki ƙari?"

Ta durƙusa tana tattarawa a bakin zanenta. Ta ce, "Anti Hindatu, don Allah ki bar min ko ƙulli ɗaya."

Na ɗauko tsintsiya na share har wanda ke bakin zanen, na kai bola. A littafi na rubuta "an samu". Gida na biyu na bar shi fayau, don ina sauri akwai gadaje tara a gabana. Sista ta tafi biki Kwali, nas ɗin da ke aiki ta sa hannu ba ta ko duba ba. Ziyara ta soku.

Ranar Lahadi ni ce a bakin get da takardar sunaye. Malam Sani ya zo cikin farin yadi, yana riƙe da hannun Ummi. An yi mata kitso da duwatsu, tana rungume da ledar lemo.

Na ce, "Malam, yau babu ziyara. An kama matarka ta ɓoye abu."

Ya ce, "Wane irin abu, ƙanwata?"

"Ni dai an kama ta. Ka dawo wani makon. Na baya, matso."

Zan iya cewa rana ce ta dame ni, ga layi. Amma na ga fuskarsa, na san abin da ya ɗauka, kuma na bar shi a haka. A raina na ce gara ta ji jiki. Ya ce kamar da kansa yake magana, "Na gaya mata in ta sake, Jiwa zan kai yarinyar nan, yayata ta riƙe ta." Ya ja hannun Ummi. Ita kuwa tana ta waiwaye tana miƙo min ledar lemon.

Zulai ta hango su ta taga. Ba ta yi kuka ba. Ta kwanta ta juya wa ɗaki baya, ba ta ci na rana ba, ba ta ci na yamma ba. Litinin da safe mai gadi ya yi suɓul da baka ya gaya mata maganar Jiwa, ta ce a ba ta takardar sallama. Wadda ta zo da yardarta tana da ikon tafiya in ta sa hannu, kuma duk mun san inda ƙafarta za ta fara tsayawa: kemis.

Sista ta dawo ta buɗe littafi, ta sa aka kira ni ofis.

"Hindatu, gida na biyu fa? Me aka samu?"

"Ƙanzo ne, Ma."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Kin taɓa tambayata labarin matar nan?"

"Ba aikina ba ne, Ma."

"Daga yau aikinki ne. Zauna."

Ta gaya min uwar Zulai ta rasu tana da shekara uku. Aka ba da ita riƙo ga wata 'yar'uwar ubanta mai sayar da abinci. A gidan, sai masu saye sun ci, yaran gida sun ci, sannan a tura mata tukunya ta kankare. In ta yi laifi a kulle ta a ɗakin gawayi, ranar ko tukunyar babu. Haka har ta kai shekara sha ɗaya.

Ni da bakina ba ya zama, na ce, "Ma, ni ma an dake ni ina ƙarama, ban sha komai ba."

Ta ce, "Da aka dake ki, wurin wa kike gudu?"

"Kakata."

"Ita wurin wa za ta gudu?"

Ta tashi ta ce in biyo ta bayan gida, inda ake ginin sabon ɗakin kwana. Ta nuna min daɓen siminti, ga sawun akuya a tsakiya. Ta ce, "Akuyar nan ƙila tun bara aka yi Sallah da ita. Ga sawunta nan. Kan ƙaramin yaro haka yake, ɗanye ne, abin da ya taka shi yana zama. Kan Zulai ya koyi abu biyu tun ba ta iya ƙirga goma ba: abinci yana yankewa, ƙofa tana rufuwa. Jikinta ya girma a tsorace, kamar motocin Maitama masu na'urar tsaro da ke ihu ko ganye ne ya faɗo musu. Ranar da ta fara kurɓar maganin tari, ranar ce ihun ya fara yin shiru. Ba daɗi take bi ba, shirun take bi."

Na ce, "To ba ta warkewa ke nan?"

"Mutum ya fi siminti. Yana sake koyo, amma a hankali, kuma a hannun wanda bai wulaƙanta shi ba. Kwana arba'in muna nuna mata nan ba gidan can ba ne. Kin zo da tsintsiya kin nuna mata gidan can ne. Yanzu kuma 'yarta, shekara huɗu, an kai ta riƙo. Kin san abin da ke kanta a kwancen nan?"

Na rasa inda zan sa idona. Sista ta roƙi Zulai ta ba mu kwana biyu kafin ta sa hannu, ni kuma ta ce in je in gyara abin da na ɓata, tunda Malam Sani ya daina ɗaga waya.

Na hau bas daga Gwagwalada zuwa cikin gari. Mai gadin gidan ogan ya leƙo ta ramin get ya ce da guntuwar Hausarsa, "Direba ta fita da madam, ka jira." Na jira a gindin katanga har la'asar. Da Malam Sani ya shigar da mota ya fito, na durƙusa a gefen titi na gaya masa gaskiya.

Ya ce, "Ƙanzo? Ai ko a gida haka take yi. Ƙarƙashin gado, cikin akwatin kaya. Na sha yi mata faɗa, na ɗauka maganin ne ke sa ta."

Na ce, "Ƙanzon ya girmi maganin, Malam."

Ya ce, "Ƙanwata, kalma ɗaya ce fa. Na tambaye ki wane irin abu."

Na ce to ya ɗauko Ummi. Ya girgiza kai. Ya ce jiya ya kai ta, yayarsa ta karɓa a gaban mijinta, an yi addu'a, an sa albarka. Ɗa in ka ba ɗan'uwanka riƙo ba ka komawa washegari ka ce a ba ka abinka, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Sai dai a bi a hankali. Amma ya yi alkawarin kawo ta ziyara ranar Lahadi.

Da na dawo na shiga kicin na kankaro ƙanzon tukunyar rana, na zuba a roba mai murfi, na kai wa Zulai. Na ce ta yafe min, na gaya mata yadda muka yi da mijinta. Ba ta kalli robar ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce, "A can Jiwa, da wa Ummi ke cin abinci? Tare da yaran gidan, ko sai sun tashi?"

Na ce ban sani ba.

"To ki gano min. Da idonki."

Washegari na tafi Jiwa, na daidaici lokacin abincin rana. Yayar Malam Sani mutuniyar kirki ce, ta dawo daga gona ke nan, ta shimfiɗa min tabarma tana mamakin abin da ya kawo ni. Na zauna har aka sauke dafa-duka. Yara huɗu a tire ɗaya, Ummi a tsakiya, har tana ture hannun babban yaron daga kan kifi. Na dawo na faɗa wa Zulai haka, har da maganar kifin. Ta sa na maimaita sau biyu. Sannan ta ciro takardar sallama daga ƙarƙashin katifa ta miƙo min, ba sa hannu. Ta jawo robar ta tura ƙarƙashin matashi.

Ta gama wata ukun da ake yi a gidan aka sallame ta. Ummi kuwa sai da ta yi wata biyar a Jiwa kafin aka samu hanyar dawo da ita ba tare da an ɓata zumunci ba. Wata biyar ɗin nan ni na jawo su, da gida ɗaya da na ƙi cikawa da kalma ɗaya da na ƙi faɗa.

Daga nan ne aka fara ba kowace mace roba mai murfi a gefen gadonta, ta ajiye abin da take so in dai abinci ne. Daga nan ne kuma nas ba ta sa hannu a littafi sai ta ga gida na biyu a cike. Ku da kuke ƙorafin robobin nan suna tara kiyashi, yanzu kun san asalinsu.

Abin da na koya ba shi da yawa. Matan da ake kawo mana manya ne, amma da yawansu abin da ke damunsu tun suna tsawon Ummi ya same su, kuma ba a rubuce yake a goshi ba. Za su ba ku haushi, ni ma har gobe suna ba ni. In kin ɗaga matashi kin ga abin da ba ki gane ba, ki rubuta sunansa, ki rufe bakinki, ki je ki tambayi Sista.

Zulai takan leƙo mu jefi-jefi, in ta zo ganin likita. Zuwanta na ƙarshe na tambaye ta robar. Ta ce tana nan a gefen gado, wani lokacin har mako take yi babu komai a ciki, amma ba ta iya yar da ita ba tukuna. Ummi tana gefe tana ɓare lemo, ta miƙo min ɓari. Na karɓa, amma ban iya kallon idon yarinyar ba.