Masassaƙin Da Ya Mayar Da Gunki Ƙotar Gizago

An haifi marigayin, wanda kowa ya sani da Mai Gizago, a shekarar 1938, a wani ƙaramin gari da ke gindin dutse. Mahaifinsa masassaƙin gumaka ne, haka ma kakansa. Mahaifiyarsa kuwa maginiyar tukwane ce.

Ƙuruciya da koyon sana'a

Bai yi karatun aji ba, rumfar mahaifinsa ce makarantarsa, inda ya fara riƙe gizago yana ɗan shekara tara. Tare da sana'ar ya gaji wani tsohon gunki na baƙin ice, da kuma gargaɗin da zuriyar ta taso a kai, cewa duk wanda ya taɓa gunkin da ƙarfe hannunsa na dama zai shanye. Ga masassaƙi kuwa, hannun nan shi ne abincinsa.

Aure da ba da gaskiya

A 1961 ya auri ɗiyar wani maƙeri, mace mai ƙarancin magana da yawan lura. A 1966 suka ji wa'azin cewa Ubangiji yana da ikon fansar mutum daga duk abin da ya ɗaure shi, suka ba da gaskiya tare. Daga ranar ya daina sassaƙa gumaka, ya koma turame da kujeru da ƙyamare. Sai dai tarihi ba ya ɓoye gaskiya: tsohon gunkin nan bai yar da shi ba. Ya naɗe shi a buhu ya cusa cikin rufin ɗaki, yana addu'a a ƙasa, tsoronsa na kwance a sama, har shekara goma sha ɗaya.

Shekarar ƙota

A 1977, yana tsakiyar aikin kujerun majami'a, ƙotar gizagonsa ta karye, ga damina ta jiƙa duk icen da ke rumfa. Nan uwargidan ta shaida masa, ba tare da ta ɗago daga wankinta ba, cewa akwai busasshen ice a rufin ɗaki wanda ya daɗe ba ya aikin komai. Ashe tun ranar farko ta sani. Kunya ta kama shi, tsoro ma bai sake shi ba. Ya sauko da buhun, ya roƙi Ubangijin da ya ba shi hannun ya tsare masa shi, sannan ya sari gunkin, ya sassaƙa sabuwar ƙota da shi. Kwana uku yana tashi da safe yana motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana yi kamar ba ta gani. A rana ta huɗu ya manta bai duba ba, ya wuce rumfa.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Da wannan ƙota ya yi aiki shekara talatin da huɗu cikin kwanciyar rai, yana yawan cewa sai yanzu gunkin gidansu ya fara ciyar da iyali. Ya rasu ranar Talata, 8 ga Maris, 2011, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi washegari. Ya bar uwargidansa da 'ya'ya biyar: babban ɗansa kafinta, da malamar makaranta, da ungozoma, da direba, da autarsa tela. Waɗanda suka shirya gawarsa sun shaida cewa hannunsa na dama lafiya lau yake, babu komai a jikinsa sai kantar aiki.