Layin Alhaji

Muntaka mai gyaran wuta mutumin Kafin Dafga ne. Ya yi 'yan shekaru a wata masaƙa a Kano, ya dawo Rogo da testar gwada wuta a aljihu da tsani a kafaɗa. Gajere ne, ga kunya kamar amarya, kuma bai taɓa iya ce wa mutum a'a ba. Wannan halin ne ya kusa ƙona injin Goggo Hajo.

Wayoyi uku ne ke ɗauke da wuta a falwayoyin unguwarmu, wato jan layi da rawaya da shuɗi, kowane gida yana kan ɗaya. To, sai jama'a suka lura ƙwan lantarkin gidan Alhaji Ɗanmaliki, dillalin gyaɗa, ba ya taɓa dusashewa. Nan take aka yanke hukunci a majalisar mai shayi: layin Alhaji ya fi ƙarfi, ai wuta ma ta san manya.

Daga nan aka fara sallama da Muntaka ɗaya bayan ɗaya, ana jan shi gefe. "Don Allah ka mai da ni layin Alhaji, amma kada kowa ya ji." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, zai tsaya tsakaninmu." Duk wanda ya zo, a kan jan layi yake ɗora shi. Ni ma, da nake koyar da lissafi a firamare, na kai masa goro. Har yau abin yana ba ni kunya.

Goggo Hajo ba ta cikin wannan gasa. Injin niƙan da mijinta ya mutu ya bari da layi ukun yake aiki a lokaci ɗaya, kuma da shi take ciyar da gidanta. A bazarar 1994 injin ya fara gurnani, ya yi zafi, ya ƙi juyawa. Matan da ke kawo niƙa daga Jajaye suka kwashe kwanukansu suka koma wani wajen. Majalisa ta ba da fatawa: wasu suka ce kwayil, wato naɗin wayar cikin injin, shi ne ya ƙone, wasu suka ce an yi wa injin baki. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa har ya fara zagaye shagon yana gaishe ta da fara'a.

Ran nan da la'asar Muntaka ya zo, ni kuma na riƙe masa tsani. Ya fara kashe wuta, ya murza injin da hannu, ya juya sumul. Ya shinshina kwayil, babu ƙauri. Ya duba fis ukun, duk lafiya lau. Sai ya kunna wuta ya ɗauko ƙwan gwajinsa. Ya taɓa rawaya, ƙwai ya haska fes. Ya taɓa shuɗi, har da kashe ido. Da ya taɓa ja, sai ƙwan ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kwana. Na ga gumi ya keto masa.

"Malam," ya ce da ni a hankali, "injin nan lafiyarsa ƙalau. Jan layi ne ya gaji. Fanka, firji, dutsen guga, hita, duk na unguwar nan a kansa suke. Ni na ɗora su."

"Duka? Ashe ba ni kaɗai ba ne?"

"Gida arba'in da ɗaya."

Goggo ta leƙo. "Ɗan nan, faɗa mini gaskiya. In ya mutu ne, in sayar tun yana da mai so."

Da ya ce injin ya mutu, da babu mai kama shi. Sai ya ce, "Goggo, kada ki kunna, kada ki sayar. Ki ba ni kwana uku."

Ya san babu wanda zai yarda ya sauka daga layin Alhaji, don haka bai roƙi kowa ba. Gida-gida ya bi yana raɗa. Wasu ya ce musu Alhaji yana kan rawaya, wasu ya ce yana kan shuɗi, sauran ya bar su a ja. Kowa ya ce a yi maza a mai da shi, kuma kada maƙwabci ya ji. Kwana uku yana hawa falwaya cikin rana, tafin hannunsa duk ya sale.

Na tare shi na ce, "Muntaka, kai da ba ka ƙarya?"

"Ban yi ƙarya ba, Malam. Layi ukun ne suka shiga gidan Alhaji tun farko. In ɗaya ya yi sanyi, sai ya cire fis ya koma wani."

Rana ta huɗu Goggo ta yi bisimilla ta danna maɓalli. Injin ya tashi da ƙarar da muka saba ji, ƙurar gero ta turnuƙe shagon. Ta share ido da bakin zane, ta ce wai gari ne ya faɗa mata.

Sai ta rage murya. "Muntaka, na ji ana ta zancen layin Alhaji. Mu talakawa a wanne muke?"

Ya naɗe wayarsa ya ce, "Goggo, duk unguwar nan ke kaɗai ce a kansa."